Muhawarar jinsi a wasanni: yaya za ka amsa?

Ya kai mai karatu, wataƙila ka taɓa jin wannan magana a fada a Maraɗi, ko a kasuwar Tsibirin Gobir, ko a lambunan Jiratawa. Wani ya ga hoton 'yar wasa a wayar salula, sai ya ce: "Wannan ai namiji ne!" Kafin ka sa baki, ya kyautu ka san yadda lamarin yake.

Abu biyu ne ake cakuɗawa

Na farko, akwai waɗanda aka haifa maza, daga baya suka sauya jinsi, suna rayuwa a matsayin mata. Ba su da yawa a manyan gasa. Laurel Hubbard ta ƙasar Niyu Zilan ta shiga gasar ɗaga nauyi a Olamfik na Tokiyo a 2021, amma ba ta sami lambar yabo ba. A watan Maris na 2023 Hukumar Guje-guje da Tsalle-tsalle ta Duniya ta hana duk wadda ta balaga a matsayin namiji shiga gasar mata.

Na biyu, akwai matan da aka haifa mata, aka raɗa musu sunan mata, aka rene su a haka. Sai dai jikinsu yana samar da sinadarin testosteron fiye da na sauran mata. Wannan sinadari yana ƙara ƙarfin tsoka. Ba wani magani suka sha ba. Haka aka halicce su.

Lamarin ya shafi Nijar

Aminatu Seyni 'yar tseren ƙasarmu ce. A 2019 ta yi gudun mita 400 cikin daƙiƙa 49.19 a birnin Lozan na ƙasar Suwizalan. A wannan shekara wata doka ta fara aiki. Dokar ta ce mata masu yawan wannan sinadari sai sun rage shi kafin su yi tseren mita 400 zuwa mil 1. Aminatu ta koma mita 200. A 2022 ta zo ta ɗaya a gasar Afirka, ta zo ta huɗu a gasar duniya a Amurka. A 2023 aka tsananta dokar, ta haɗa dukan tsere. Wannan doka ta shafi Caster Semenya ta Afirka ta Kudu da Christine Mboma ta Namibiya.

Yadda za ka amsa

1. In an ce, "Namiji ne," ka tambaya: "Wa ya gaya maka?" Murya da faɗin kafaɗa ba hujja ba ne. Shaidar zur kuwa babban laifi ce.

2. In an ce, "Ana ƙwarar sauran mata," kada ka yi fushi. Damuwar tana da tushe, domin don adalci aka ware gasar mata. Ka nuna cewa masana da kotuna sun shafe shekaru suna jayayya a kan inda za a ja layi. Ana iya tattauna doka ba tare da an zagi kowa ba.

3. In an tura maka hoto na izgili, kada ka tura wa wani. Sirrin jikin mutum tsakaninsa ne da likita.

Me ya sa ya shafe ka?

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Izgilin da ake yi wa 'yar wasan da ke nesa, a kan 'ya'yanmu yake sauka. Yarinya mai gudu a makarantar Jiratawa tana jin abin da manya ke faɗa. In ta ji ana kiran mace mai ƙarfi namiji, sai ta ji kunya ta bar fili. Wani lokaci iyaye ne za su hana ta, don gudun bakin mutane.

Ba sai ka yarda da kowane ra'ayi ba kafin ka kare mutuncin ɗan Adam. Ka yi magana a hankali, ka faɗi abin da ka tabbatar kawai. In 'yarka ta ce tana son tsere, ka raka ta fili, ka tafa mata.