A saka kuntigi da garaya a wasan jitar talabijin

A gidajen gem na garin Babura ƙwallo ce ke ci. Yaro ya biya kuɗinsa, ya zaɓi Barcelona ko Madrid, janareto na ruri a waje. Ni kuwa wasan da ya ɗauke mini hankali daban ne, wato Guitar Hero, wanda ƙanena ya kawo gida daga Kano tare da wata PlayStation 2 ta gwanjo.

Abin da ake buga wasan da shi jita ce ta roba, ba ta da tsirkiya ko ɗaya. A wuyanta akwai maɓallai biyar: kore, ja, rawaya, shuɗi da ruwan lemo. Waƙa na tashi, ɗigo masu launi suna gangarowa a fuskar talabijin, kai kuma ka danne launin da ya iso da hannun hagu, ka kaɗa da na dama a daidai lokacin. In ka makara da ƙiftawar ido, sautin jitar ya yanke. Kamfanin Harmonix na Amurka ne ya ƙera wasan a 2005, bayan Konami na Japan ya riga ya fito da GuitarFreaks. Kashi na uku, wanda ya fito a 2007, cinikinsa ya haura dala biliyan ɗaya, kafin kasuwa ta ƙoshi kamfanin Activision da ya mallaki wasan ya jingine shi a 2011.

Iyayen da ke cewa wasan ba ya koya wa kowa kaɗa jita, gaskiya suka faɗa. Kuma yaron da aka bari da shi ba kwaɓa zai wuce lokacin sallah da na karatu. Amma akwai abin da na gani da idona a tsakar gidanmu. Yaron da waƙa ɗaya ta yi ta kayar da shi, dole ya buɗe kunne. Yakan fara gane inda ganga ta faɗi, inda jita ta shigo, inda makaɗi ya ja numfashi. Irin wannan sauraro ya yi ƙaranci yanzu da ake tsallake waƙa a waya tun ba ta yi nisa ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne waƙoƙin. 'Ya'yan gidanmu sun san kiɗan ƙungiyar Metallica bugu bayan bugu, alhali ba su taɓa zama sun saurari kuntigin Ɗan Maraya Jos har ƙarshe ba. Mutumin nan da tsirkiya ɗaya tal ya riƙe ƙasar Hausa har ya rasu a 2015. Ga garaya, ga gurmi, ga molo, ga kukuma. In ma jitar ake so, ai Nijar ga ta nan kusa da mu. Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008, yau kuma a Turai da Amurka yake cika dandali.

Ina da wanda zan yi wa wannan magana. Muna da Jami'ar Fasaha ta Tarayya a nan Babura tun 2021, ga Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure. Akwai manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna Clone Hero, wadda mutum ke iya zuba waƙar da yake so ya tsara mata ɗigonta da kansa. Ɗalibi zai iya farawa daga nan, daga baya ya yi tasa ta wayar hannu, wadda yatsa kawai take buƙata.

Aikin ba na gaban kwamfuta kaɗai ba ne. Kiɗanmu yana bin muryar mawaƙi, yana ja yana saki, don haka sai ɗalibin ya je ya durƙusa gaban mai garaya ya nuna masa inda bugu yake. Sannan a nemi izinin magada a biya su haƙƙinsu kafin a taɓa waƙar mamaci. Malaman da ke raba wa ɗalibai aikin kammala karatu a bana su sa wannan a cikin jerin.