Wutar Rana a Kan Mota

A ƙasar Amurka akwai matafiya masu ɗora ɗan ɗaki a bayan a-kori-kura, su riƙa kwana ciki. Waɗansunsu sukan kafa farantin sola bisa rufin. Farantin nan ke mai da hasken rana lantarki, batir ya tara, da dare a kunna fitila. Wannan dabara ce mai kyau, gama rana ba ta karɓar kuɗin kowa.

Amma wanda ya sayi sabon faranti ya bar tsohuwar waya ya yi wauta. In wuta ta fi ƙarfin waya sai ta yi zafi, ta jawo gobara. Saboda haka mai hankali yakan fara sa waya mai kauri, ya ɗaura fis kusa da batir, don ya yanke wutar in ta yi yawa. Rigakafi ya fi magani.