Madatsar Alau: Ginin Ƙasa Ba Ya Ɗorewa Sai da Yaɓe

A daren 9 zuwa wayewar garin 10 ga Satumba, 2024, ruwan madatsar Alau ya ɓalle ya bi kogin Ngadda ya auka wa birnin Maiduguri. Kafin hantsi ya shiga Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Ya rusa katangar gidan yari fursunoni fiye da 270 suka tsere, ya halaka mafi yawan dabbobin gidan namun daji na Sanda Kyarimi, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da muhallinsu. Da yawa daga cikinsu dama ’yan gudun hijira ne waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga ƙauyukansu, suka sake rasa ɗan abin da suka tara. A farkon 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da kashe naira biliyan 80 domin sake gina madatsar. Matakin ya dace, amma ra'ayina shi ne sabon gini kaɗai ba zai tsare Maiduguri ba, muddin ba a sauya yadda ake riƙon madatsar bayan an gama gina ta ba.

An gina madatsar Alau tsakanin 1984 da 1986 a ƙaramar hukumar Konduga, kudu maso gabas da Maiduguri, kuma tana ƙarƙashin Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi. Tafkinta na iya ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 112. An ɗora mata ayyuka uku: samar wa birnin ruwan sha, ba manoma ruwan noman rani, da kuma rage ƙarfin ambaliyar Ngadda a lokacin damina. Kamar Tiga da Challawa da Goronyo, mafi yawan jikinta ƙasa ce da aka jibge aka daddaɓe.

Ya kamata mai karatu ya san yadda irin wannan gini yake, domin a nan ne matsalar take. Madatsar ƙasa ba ta da siminti a cikinta sai a wuraren ƙofofi da mazubar ruwa. Ana shimfiɗa ƙasa hawa-hawa, a yayyafa ruwa, a bi ta da injin daɓe, har tudun ya kai tsayin da ake so. A tsakiya akan sa laka mai danƙo wadda ruwa ba ya ratsa ta da sauƙi, a fuskar da ke kallon tafki kuma a jera duwatsu don kada igiyar ruwa ta riƙa cin ƙasar. Ginin yana da arha, kayan aikinsa suna nan kusa, yana kuma iya shekaru masu yawa. Sai dai yana da maƙiya biyu. Na farko shi ne ruwan da ke tsattsafowa ta cikin jikinsa. Kowace madatsar ƙasa tana ɗan tsattsafo, kuma ba laifi ba ne idan ruwan da ke fita garau yake. Ranar da ya fara fita da laka, to ya soma kwasar cikin ginin ke nan, kuma ’yar ƙaramar kafa za ta riƙa faɗi har ta zama rami. Gidan gara, ramin gafiya, da saiwar itacen da aka bari ya tsiro a jikin tudun duk suna buɗe wa ruwa irin wannan hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maƙiyi na biyu shi ne ruwa ya cika ya haura saman tudun. Siminti na iya jure wannan na ɗan lokaci, amma ƙasa ba ta iyawa. Cikin sa'o'i kaɗan ruwan zai zaizaye bayan tudun ya yanke shi.

Saboda haka ne bayanin da Ministan Albarkatun Ruwa ya yi bayan aukuwar abin, cewa madatsar ba rushewa ta yi ba, ruwa ne ya yi mata yawa ya tsallake wani sashe nata, bai wanke kowa ba. A madatsar ƙasa, tsallakewar ruwa ita ce rushewar. Duk wanda ya taɓa zama a gidan soro ya san wannan. Kafin damina maigida yakan sa a hau a yi yaɓe, a toshe tsaga, a share indararo. Idan ya yi sakaci indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro har azara ta karye, babu maƙwabcin da zai yarda cewa laifin marka ne. Mazubar rarar ruwa ita ce indararon madatsa, kula da jikin tudun kuma shi ne yaɓenta. Iliminmu na gargajiya ya riga ya san cewa ginin ƙasa aiki ne na kowace shekara. Hukumominmu ne suka ɗauke shi a matsayin abin da ake yanke masa ƙyalle ranar buɗewa a juya baya.

Akwai kuma matsala ta biyu wadda ba a cika tattauna ta ba. Ayyukan nan uku da aka ɗora wa Alau ba su jituwa da juna. Mai kula da ruwan sha da manomin rani suna son tafki ya cika maƙil a ƙarshen damina, domin rani a Borno yana da tsawo kuma zafin rana yana shanye ruwa mai yawa. Tare ambaliya kuwa yana bukatar akasin haka: a bar gurbi a cikin tafkin a watannin Agusta da Satumba, wanda zai karɓi ruwan da ya zo bagatatan. Tafkin da ya riga ya cika ba ya tare komai. Duk abin da ya shigo sai ya fita. Ma'aikacin da ke riƙe da ƙofofin yana tsakanin tsoro biyu. Idan ya saki ruwa da wuri kuma damina ta ɗauke, za a zarge shi da jefa birni cikin ƙishirwa. Idan ya riƙe ruwa kuma sama ta ƙara zubowa, birnin ya nutse. Bai kamata a bar wannan hukunci a hannun mutum ɗaya da tsoronsa ba. Ana bukatar rubutacciyar ƙa'ida da ta fayyace iyakar da ruwa zai kai a kowane mako na damina, wadda aka gina a kan hasashen da hukumomin NiMet da NIHSA ke fitarwa duk shekara, kuma jama'a su san ta. A tuna kuma cewa gurbin yana raguwa da kansa, domin kogi na kawo yashi da laka kowace damina suna kwantawa a gindin tafki. Adadin da aka rubuta a 1986 ba shi ne abin da tafkin ke iya ɗauka bayan kusan shekara arba'in ba.

Za a iya cewa ruwan 2024 ya wuce misali, ga sauyin yanayi, ga kuma matsalar tsaro da ta hana ma'aikata zirga-zirga a yankin Konduga na tsawon shekaru. Duk wannan gaskiya ne. Amma ba wannan ne karo na farko ba. A 1994 ruwan Alau ya mamaye Maiduguri, shekara talatin cif kafin wannan. A Agustan 1988 madatsar Bagauda ta jihar Kano ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa. A Satumban 2010 ruwan Goronyo ya shafe ƙauyuka da gonaki a kwarin Rima, har ya yanke hanyar da ke zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Abin da ya maimaita kansa haka ya daina zama ba-zata. In ma yanayi ya sauya, to hujja ce ta ƙara girman mazuba da ƙara sa ido. Mun yarda da ƙaddara, amma addini bai taɓa hana ɗaure raƙumi ba kafin a yi tawakkali.

Madatsa tana kuma haifar da wani haɗari a zukatan mutane. Da zarar an gina ta, ƙananan ambaliyoyin da ke tunatar da jama'a iyakar kogi sukan ɗauke, sai a fara yanka filaye a fadama da bakin gaɓa. Maiduguri ta kumbura da ’yan gudun hijira, talaka kuma yakan sauka inda fili ke da arha. Ranar da madatsar ta gaza, ruwan yakan tarar da ninkin mutanen da zai tarar a da. Hukumomin tsara birane suna da alhaki a nan daidai da na injiniyoyi.

Abin da ya kamata a nema tare da sabon ginin a bayyane yake. A ware kuɗin kula da madatsar a kasafin kowace shekara, a kuma bayyana yadda aka kashe shi. A sa ƙwararrun da ba ma'aikatan hukumar ba su duba tudun da ƙofofin kafin kowace damina, a buga rahotonsu kowa ya gani. A auna yashin da ya taru a tafkin. A zana taswirar unguwannin da ruwa zai bi idan abin ya ɓaci, a tanadi hanyar sanar da su ta rediyo da masallatai da masu unguwanni cikin Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa, tun ana da sauran sa'o'in tsira. Jami'o'inmu na Maiduguri da Kano da Zariya da Sakkwato suna da sassan injiniya da na labarin ƙasa waɗanda za su iya wannan awo, kuma masana harshe suna da aikin samar da kalmomin gargaɗi da mutumin ƙauye zai fahimta ba tare da tafinta ba.

Tiga ta haura shekara hamsin, domin an kammala ta a 1974, kuma ruwan da take riƙewa ya ninka na Alau fiye da sau goma. A ƙasanta akwai Wudil da Ringim da Haɗeja da garuruwa masu yawa. Bahaushe ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Lokacin duba waɗannan madatsu shi ne rani, sa'ad da ruwa ya ja baya kuma tsagar da ke jikin ƙasa take a fili.