Da Wane Suna Za a Kira Jerome a Madarunfa?

A shekarar 2006 Terry Zwigoff ya fitar da fim mai suna Art School Confidential, labarin Jerome, saurayin da ya shiga makarantar koyon zane a Amurka da burin zama Picasso na zamaninsa. Can ya tarar malamai da ɗalibai sun fi gwanancewa wajen yi wa zane surutu a kan yin sa. Bai yi suna ba sai da aka ɗaure shi bisa kisan da ba shi ya aikata ba.

A ce masu fassarar finafinai, waɗanda suka saba sa wa jaruman Indiya Hausa a baka, su ɗauki wannan fim domin ƴan kallon Madarunfa. Tambayar da za ta fara tare su ita ce: me Jerome yake son zama? In an ce "mai zane", a rubuce ba a bambanta shi da mai zanen ɗaurawa, domin tsawon wasalin farko ne ya raba kalmomin biyu, rubutun boko kuwa ba ya nuna shi. "Mai fasaha" ta yi faɗi, har makanike da mai gyaran salula tana kwasa. Kalmar Faransanci da ake ara a Maraɗi kuwa, mawaƙi take kawowa a zuciyar mai sauraro.

Wasu za su kira wannan talaucin harshe. Sun yi gaggawa. Hausa ta rarraba aikin ne gida-gida: ga magini mai fitar da dagi a fuskar soro, ga mai zayyanar allon sauka, ga mai zanen ƙwarya, ga maɗinkin da ke zuba aska takwas a gaban riga. Kowannensu yana da kalmomin da yake yaba aiki da su, da waɗanda yake kushe shi. Abin da ba a raɗa wa suna ba shi ne mutumin da ke zane domin a rataye a bango a yi ta kallo, wato ainihin matsayin da fim ɗin yake yi wa ba'a.

Ɗaliban kwalejin Zariya, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo, sun hango wannan giɓi tsakanin aji da gida tun 1958, lokacin da suka kafa ƙungiyarsu suka nemi a gwama darasin Turawa da zanen gargajiya. Amma da Ingilishi suka yi muhawarar.

Tun watan Maris na 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, saboda haka ba da jimawa ba za a buƙaci kalmomin koyar da zane a aji. In aka bar aikin ga kwamiti a Yamai, ƙamus na Faransanci zai buɗe ya bi layi-layi. Madarunfa ba ta da nisa da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, kuma maginan da masu zayyanar suna nan da ransu. Ɗalibin kimiyyar harshe da ke neman batun kundinsa, rikoda da kuɗin mota kawai yake buƙata.