RA'AYINMU: A Ba Mata Masana Kwamfuta Kujera Cikin Amintattu

Kusan kowace rana ta Allah, duk wanda ya buɗe shafukan baya na jaridun ƙasar nan zai tarar da wasu ƙananan sanarwoyi jere reras, waɗanda galibin masu karatu ba su ko kallonsu. Sanarwoyin nan na ƙungiyoyi ne masu neman rajista a wurin Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa. Wannan gidauniyar taimakon marayu ce, waccan ƙungiyar raya gari ce, ga ta tsofaffin ɗalibai, ga ta masu agaza wa 'yan gudun hijira. Doka ce ta tilasta a buga sunayen amintattun kowace ƙungiya a jaridu biyu, kana a ba jama'a kwana 28 domin wanda yake da ja a kan wani suna ya fito ya faɗa.

Muna roƙon mai karatu ya daure ya karanta sunayen nan ko da na mako guda ne. Zai ga Alhaji wane, da Cif wane, da mai sarauta wane, da wane wanda ya yi ritaya daga aikin Gwamnati. Jefi-jefi zai ga sunan mace, sau da yawa kuwa in an bincika sai a tarar uwargidan shugaba ce ko ƙanwarsa. Abin da zai yi wuya ya gani shi ne sunan mace wadda aka ɗauko saboda ta san aikin kwamfuta da hanyoyin sadarwa na zamani. Mu a namu ra'ayi wannan babban giɓi ne, kuma talakawan da aka kafa ƙungiyoyin dominsu su ne za su ɗanɗana kuɗarsa in ba a cike shi ba.

Da farko dai ya kamata a san ko wane ne amintacce. Mutane da yawa sun ɗauka sarauta ce da ake naɗa wa mai arziki don a ji daɗin zuwa neman gudummawa a gidansa. Ba haka abin yake ba. Bisa ga Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1990, amintattu su ne ke riƙe da dukiyar ƙungiya, da sunansu ake sayen fili, da sunansu ake kai ƙara, kuma su ake kai wa ƙara. Dokar ta hana kujerar ga yaro, da mai taɓin hankali, da wanda kotu ta tabbatar ya karye da bashi bai farfaɗo ba, da wanda aka ɗaure kan zamba ko rashin gaskiya cikin shekaru 5 da suka wuce. Ta kuma hana a raba wa 'yan ƙungiya dukiyarta da sunan riba. Watau dai aiki ne na tsaron kayan wani, ladansa yana wurin Allah, hisabinsa kuwa tun daga nan duniya yake farawa.

To, abin tambaya a nan shi ne, ina kayan da ake tsaron suke a yau? A da can dukiyar ƙungiya tana cikin akwatin ƙarfe a ɗakin ma'aji, sunayen masu karɓar taimako kuma suna cikin babban littafi a wurin magatakarda. Dattijo mai gaskiya wanda ya iya lissafi ya isa ya tsare su. Yanzu kuwa gudummawa ta waya take shigowa, ta waya take fita. Sunan marainiya, da hotonta, da unguwarsu, da lambar asusun uwarta, da lambar BVN, da irin cutar da ke damunta, duk suna cikin kwamfutar wani yaro a ofis, ko cikin wayar wani ɗan sa-kai wanda gobe yana iya yin fushi ya tafi da ita. Waɗanda suka sha wahalar ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 sun ga yadda hatta mai sayar da ƙosai ta koma karɓar kuɗi ta waya. Ashe ke nan kwamitin da babu ko mutum ɗaya a cikinsa da ya san yadda waɗannan abubuwa ke aiki, gadi yake yi a bakin ƙofa alhali kayan suna fita ta taga.

Kada wani ya ce muna tsorata jama'a ne a banza. A watan Janairu na 2022 Ƙungiyar Red Cross ta Duniya, mai hedkwata a Janeba, ta ba da sanarwar cewa ɓarayin intanet sun kutsa cikin na'urorinta, sun kai ga bayanan mutane fiye da 515,000. Mutanen nan ba attajirai ba ne. Waɗanda yaƙi da bala'i suka raba da danginsu ne, da waɗanda suka ɓace, da waɗanda ke tsare. Da aka bincika sai aka ga ɓarayin sun bi ta wata ɓaraka ce da aka riga aka sani a cikin wata manhaja, wadda ba a toshe ta a kan lokaci ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan ƙungiya ce ta faɗa a shekarar nan ta 2022 cewa tana da rajistar mutane fiye da 25,000 da suka ɓace a Nijeriya, galibi saboda rikicin Arewa maso Gabas. In har ƙungiya mai ƙarfi da ƙwararru irin wannan ta ji jiki, ina ga gidauniyar unguwa wadda kalmar sirrin asusunta take rubuce a jikin kalanda?

Wani lokaci ma ba ɓarawo ne ke kawo ɓarnar ba, ƙungiyar ce da kanta. A watan Disamba na 2016 hukumar kare bayanan jama'a ta Ingila ta ci tarar manyan ƙungiyoyin agaji biyu na ƙasar, ɗaya mai kula da dabbobi, ɗaya mai yaƙi da ciwon zuciya, saboda sun riƙa miƙa bayanan masu ba su gudummawa ga kamfanoni domin a auna arzikinsu ba da saninsu ba. Mu ma nan gida doka ta iso. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda ta ce in an yi satar bayanai mai haɗari ga masu su, tilas a sanar da hukuma cikin awa 72, kuma ta tanadi tara mai nauyi ga wanda ya yi sakaci. Dokar ba ta ware ƙungiyar agaji ta ce ita ba ruwanta ba.

Mai karatu yana iya cewa, to, a ɗauko masani mana, ko namiji ko mace. Gaskiya ne, ilmi ba shi da jinsi. Amma muna da dalilai da suka sa muka ce a nemi mata musamman. Na ɗaya, in aka duba layin masu karɓar taimako, ko a sansanin 'yan gudun hijira, ko a asibitin haihuwa, ko a wurin rabon zakka, mata da yara su ne suka fi yawa. Mace ta fi sanin abin da zai sami bazawara in hotonta ya bazu tana karɓar kwanon hatsi, ta fi sanin gidajen da waya guda ce kuma a aljihun maigida take, har ya zama kuɗin da aka aika wa matar bai taɓa isa hannunta ba. Na biyu, matan da suka ƙware a wannan fanni suna nan, jami'o'inmu da kwalejojin fasaha suna yaye su kowace shekara, suna aiki a bankuna da kamfanonin waya da ma'aikatun Gwamnati, amma ba a tuna su sa'ad da ake rubuta sunayen amintattu, domin shugaba abokansa yake kira, abokansa kuwa irinsa ne.

Wannan cuta ba tamu ba ce mu kaɗai. Wani bincike da Hukumar Kula da Ƙungiyoyin Agaji ta Ingila ta fitar a 2017 ya nuna cewa a lokacin maza sun ninka mata sau biyu a kujerun amintattu, galibin kwamitoci ta hanyar sanayya suke ɗaukar mutane, kuma su amintattun da bakinsu suka ce sanin fasahar zamani yana cikin abubuwan da suka rasa. Bambancinmu da su shi ne sun auna ciwon sun faɗa, har suna ware mako guda a kowane watan Nuwamba domin jawo sababbin mutane cikin aikin.

Misalan abin da irin waɗannan mata za su iya ba su da wuyar samu. Stephanie Shirley ta shiga Ingila tana yarinya 'yar gudun hijira a 1939, ta kafa kamfanin rubuta manhajar kwamfuta a 1962 wanda kusan duk ma'aikatansa na farko mata ne masu aiki daga gida, har ta riƙa sa hannu da sunan namiji don a amsa mata wasiƙa. Da ta yi arziki sai ta kafa gidauniya, ta ba da miliyoyin fam, ta kuma tsaya da kanta a kan yadda ake kashe su. Nan gida kuma akwai Dokta Omobola Johnson, injiniyar lantarki wadda ta riƙe Ma'aikatar Fasahar Sadarwa daga 2011 zuwa 2015. Tun kafin ta zama Minista tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar WIMBIZ ta mata masu jagoranci a harkar kasuwanci da aikin Gwamnati, ita ce kuma shugabarta ta farko.

Ga waɗanda za su ce wannan baƙon abu ne ga addininmu da al'adarmu, muna tunatar da su cewa sa'ad da Sayyidina Umar ya yi waƙafin gonarsa, 'yarsa Hafsatu, Uwar Muminai, ya yi wasiyyar ta kula da shi muddin ranta, alhali yana da 'ya'ya maza. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'Yan Taru, ta naɗa jajis suna kai ilmi ƙauyuka. Jam'iyyar Matan Arewa tana nan tun 1963, ƙungiyar FOMWAN kuma tun 1985 da aka kafa ta a Minna take gudanar da makarantu da asibitoci. Riƙon amanar jama'a ba sabon abu ba ne a hannun matanmu. Kayan aikin ne kawai suka sake.

Sai dai muna jan kunnen ɓangarorin biyu. Ku shugabannin ƙungiyoyi, kada ku ɗauko mace masaniya don ado, ko don ku nuna wa masu ba da tallafi na ƙasashen waje cewa kuna da mace a kwamiti. Kada ku mai da ita mai rubuta bayanin taro, ko mai gyaran kwamfuta kyauta. Kujerarta daidai take da ta kowa, ƙuri'arta ɗaya ce da ta shugaba. In ta tambayi wa ke riƙe da kalmar sirrin asusu, ko mutum nawa ne ke sa hannu kafin kuɗi ya fita, ko ina ake ajiye kwafin bayanai in na'ura ta ƙone, ko an nemi izinin iyaye kafin a sa hoton yaro a Facebook, to, aikinta take yi, ba raini ba ne. Ku kuma sa taro a lokacin da matar aure mai aiki za ta iya halarta, ba ƙarfe goma na dare a zauren shugaba ba.

Ku kuma 'yan'uwanmu mata, kada ɗokin kujera ya sa ku ba da sunanku da hotonku ga ƙungiyar da ba ku ga tsarin mulkinta da lissafin kuɗinta ba. A Ingila wata shahararriyar ƙungiyar taimakon yara mai suna Kids Company ta durƙushe a watan Agusta na 2015, aka ja amintattunta zuwa kotu, ba a wanke su ba sai a watan Fabrairu na 2021. Shekara biyar da rabi ke nan suna cikin zullumi a kan aikin da ba a biyansu ko kwabo. Ku tambaya kafin ku sa hannu, in an hana ku ganin littafi ku yi sallama tun da girma da arziki. Amma in kun ga gaskiya, kada ku noƙe kuna cewa sai kun tsufa ko sai kun yi kuɗi. Ku fara da ƙungiyar tsofaffin ɗalibanku, ko gidan marayun garinku, ko kwamitin zakka na unguwarku. Ku ma za ku ƙaru, domin a nan ake koyon karanta lissafin shekara da yanke shawara mai nauyi.

A ƙarshe muna tuna wa ƙungiyoyinmu irin hayaniyar da ta tashi a 2020 a kan sashe na 839 na Dokar Kamfanoni, wanda ya ba hukuma ikon dakatar da amintattu ta naɗa masu riƙon ƙwarya, har maganar ta kai gaban kotu. Ko mene ne ra'ayin mutum game da sashen nan, hanya mafi sauƙi ta hana Gwamnati leƙa ɗakinka ita ce ka share shi da kanka. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Saboda haka muna kira ga kowace ƙungiya da za ta sabunta kwamitinta, ta zauna ta rubuta irin sanin da take da shi da wanda ta rasa, sa'an nan ta fita neman mai shi a fili. Muna kira ga sarakuna da malamai, waɗanda su ne iyayen galibin ƙungiyoyin nan, su ba da goyon baya, magidanta kuma su ba matansu da 'ya'yansu izini da ƙarfin gwiwa. Marainiyar da ta ba da sunanta da hotonta don ta sami kuɗin makaranta ba ta san abin da ake kira kwamitin amintattu ba, amma amanarta tana wuyansa. Allah ya ba mu ikon riƙe ta, amin.