Jan zoben da ka zana a kan hoto, maganarka ce

Duk wanda ke cikin zaurukan WhatsApp na Maraɗi ko Damagaram ya san irin hoton nan: takardar sanarwa da aka ɗauko daga fuskar kwamfuta, an yanke sama, an yanke ƙasa, an zagaye layi guda da jan zobe. Babu kwanan wata, babu sa hannu. Kafin la'asar ta kai Tawa da Yamai, kowa na rantsuwa cewa ya gani da idonsa.

Aikin kansa ba shi da wuya. A kwamfutar tafi-da-gidanka mai Windows, danna Windows da Maj da S tare, ka ja iyakar abin da kake so. Ka buɗe shi a Paint, ka rage girmansa, ka sa kibiya ko rubutu. Minti biyu sun isa. Sauƙin nan ne ke damuna, domin ya sa muna ɗaukar yanke hoto kamar gyaran fuska kawai, alhali hukunci ne irin na edita. Wanda ya cire kwanan wata daga sanarwar bara ya mai da ita ta yau, ko da bai taɓa harafi guda ba. Wanda ya zagaye jimla ɗaya kuwa ya ce wa mai karatu: nan za ka duba, ka manta da saura.

Ban ce a daina ragewa ba. Kuɗin intanet ba a banza ake samunsu ba, kuma hoto mai nauyi kan wahalar da ƙaramar waya. Amma a rage tsawo da faɗi tare, kada hatimi ya koma kamar ƙwai. Hoton da rubutu ne a ciki ya fi fita sarai in an adana shi a PNG, kuma in an tura shi a WhatsApp a matsayin takarda, manhajar ba za ta matse shi har haruffa su dushe ba.

Inda muka fi sakaci shi ne rufe sirrin mutane. Sau da yawa ana shafa alƙalami mai haskaka rubutu a kan lambar waya ko sunan wanda ya ba da labari, a ɗauka an ɓoye. Irin wannan tawada ba ta rufewa gaba ɗaya. In aka ƙara wa hoton haske, rubutun na iya bayyana. Ko yankewar ma ta taɓa ba da kunya: a watan Maris na 2023 aka gano cewa manhajar ɗaukar hoton allo ta Windows 11 kan bar ɓangaren da aka yanke a cikin fayil ɗin, har sai da Microsoft ya gyara. Baƙin akwati mai duhu sosai ya kamata a ɗora, sannan a sake ɗaukar hoton abin da aka rufe, shi za a tura.

Ga kuma doka. Tun watan Yunin 2024 aka maido da hukuncin ɗauri cikin dokar laifukan intanet ta 2019, kan ɓata suna da yaɗa abin da ka iya tada zaune tsaye. Ranar da alƙali ya tambayi ɗan jarida inda ya samo takarda, guntun hoto mai jan zobe ba zai cece shi ba. Don haka nake roƙon abokan aiki su riƙa ajiye hoton asali cikakke, da adireshin shafin da ranar da aka ɗauka, kafin su taɓa almakashi.