Kogin Namu Ne, A Tambaye Mu

Jama'a, duk wanda ya taɓa bi ta Sharaɗa ko Chalawa ko Bompai a Kano ba ya bukatar a gaya masa inda masana'antun jima suke, hancinsa zai gaya masa. Majemanmu na gargajiya da bagaruwa suke jima. Su kuwa waɗannan da gishirin wani ƙarfe suke yi, ana ce da shi kuromiyom, tare da wasu magunguna masu kaifi. In an gama, ruwan dattin yakan bi magudana. Na Sharaɗa da Chalawa ya faɗa kogin Chalawa, wanda ke gangarawa Wudil har Haɗeja. Na Bompai kuma ya bi rafin Getsi ya shiga Jakara.

To, a bakin waɗannan ruwaye ake lambu. Latas da kabeji da karas ɗin da ɗan gwari ke kasawa a kasuwa, da yawa daga can suke fitowa. Shi kuwa wannan ƙarfe ba ya ruɓewa kamar kashin shanu. Kwantawa yake yi cikin laka, shuka ta sha, kifi ya sha, sa'an nan mu ci. Watau zancen bai tsaya ga mai lambu kaɗai ba, ya kai har cikin tukunyar kowane gida.

Wani zai ce, ai akwai doka. Gaskiya ne. Bayan da aka jibge gubar Italiya a garin Koko cikin 1988 aka kafa hukumar tsaron muhalli ta ƙasa, a 2007 kuma aka kafa NESREA a madadinta. Tun 1992 akwai dokar da ta ce kafin a kafa babbar masana'anta sai an auna ɓarnar da za ta yi, a ajiye rahoto a fili kwana 21 na aiki domin jama'a su faɗi ra'ayinsu. Madalla. Amma shin wa ya taɓa ganin masunci ya karanta wannan rahoto? Ƙaton littafi ne na Turanci, an ajiye shi a ofis. Kwanakin su cika, a rubuta cewa ba wanda ya yi magana. Ina za a yi magana a kan abin da ba a ji ba?

Ku tuna da Zamfara. Cikin 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum. Aka share wasu ƙauyuka, aka bar Bagega tana jira. Sai da mutanen garin da matasa masu goyon bayansu suka yi ta kuka ba fasawa, kana Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗi a farkon 2013, aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa, likitoci suka sami damar yi wa yara magani. Ashe kuka yana da rana, in an yi shi tare.

Ba mu ce a rufe masana'antu ba. 'Yan'uwanmu ne ke aiki a ciki, fatun kuma daga hannun fatakenmu suke fitowa. Abin da muka ce shi ne, wanda ya ci ribar fata ya tace ruwansa kafin ya sake shi, kuma a sa talaka cikin masu duba ko an tace. Ma'aikaci yakan zo ya tafi, mai lambu kuwa kullum yana bakin rafi, ya san daren da ruwa ya sake launi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka ga abin da ya kamata mu nema. Na ɗaya, kowace sanarwa a yi ta da Hausa, a rediyo da ƙofar mai unguwa da bakin kasuwa. Na biyu, a kafa kwamiti a kowace unguwar da ruwan ke ratsawa, da masu lambu da masunta da 'yan kasuwa da mata a ciki, su riƙa bin duba-gari in zai ɗebi ruwa don awo. Na uku, abin da awon ya nuna a karanta shi a bainar jama'a, da sunan masana'antar da ta yi laifi da tarar da aka ci ta.

Ku kuma shugabannin kasuwa, kada ku jira a gayyace ku. Ku tara mutanenku ku rubuta kuka, mai iya sa hannu ya sa, wanda bai iya ba ya dangwala. Ku kai wa kansila da Ma'aikatar Muhalli, ku riƙe kwafi mai hatimi, bayan wata guda ku koma ku tambayi inda aka kwana. In aka ce ku dawo gobe, ku dawo goben, ku ƙaru. Rigakafi ya fi magani, kuɗin asibiti kuwa daga jarinku yake fita.

Allah ya tsare mana lafiyar 'ya'yanmu, amin.